REZO YA ƊAUKE, REDIYO NA ƘARA: A DUBA WAYOYIN DA KE KUSA

Ranar kasuwa, tun kafin hantsi, salula ke fara aiki. Mai albasa a Galmi yana so ya ji nawa buhu ya kai a Yamai. Mai raguna a Dakwaro yana tambayar yadda kasuwar Maradi ta kwana. Tsohuwa a karkarar Magarya tana jiran ɗanta da ya tafi ci-rani ya aiko da kuɗin hatsi. Maganar dukansu ba ta bin hanya, ba ta shiga mota. Cikin iska take tafiya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kuɗin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin kuɗin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwa yana jin inda tiya ta yi araha da inda ta yi tsada, sai ya san inda zai nufa da kayansa.

Shi ya sa in magana ta yanke, asara ce. Rediyo ya riƙa ƙara daidai lokacin da ake faɗin labarin ruwan sama. Akwatin wifi na ƙungiyar manoma, ko na gidan likita, ya ƙi aika takarda. Sai a zagi kamfani. Wani ya sayar da akuya ya sayo sabon rediyo, ya kawo gida, ya ajiye shi inda tsohon yake, ƙara ta dawo. Sau da yawa na'urar lafiyarta lau. Mai laifin wata ƴar waya ce da ke kusa da ita, wadda hannu ma zai iya kaiwa.

Bahaushe yana ce wa abin magana waya, yana kuma ce wa zaren ƙarfen da ke ɗaukar wuta waya. Don kada a rikice, a nan in an ce waya, zaren ƙarfen ake nufi. Abin magana kuwa salula za a ce masa.

YADDA MAGANA KE TAFIYA CIKIN ISKA

In yaro ya jefa dutse cikin tabki, ruwa yana yin zobe-zobe, suna tafiya har gaɓa. Gidan rediyo ma haka yake yi, sai dai nasa zoben ba a ganinsu. Ana ce musu igiyoyin rediyo. Suna gudun kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya. Rediyo, da talabijin, da salula, da wifi, duk da irin waɗannan igiyoyi suke aiki. Bambancinsu shi ne saurin kaɗawa. Na tashoshin FM suna kaɗawa wajen sau miliyan 100 a sakan. Na salula sau miliyan 900, ko 1,800, ko fiye. Na wifi sau miliyan 2,400.

Igiyar da ta taso daga nesa tana isowa a gajiye. A ce makiyayi yana kiran ɗan'uwansa daga bayan tudu. Da dare, gari shiru, za a ji shi sarai. Amma in mata uku suna daka kusa da kunnen wanda ake kira, ba zai ji komi ba. Muryar mai kira ba ta ragu ba. Turmi ne ya yi kusa. Maganin abin biyu ne: ko a matsa daga turmi, ko a matsa kusa da mai kira. Duk gyaran da za a faɗa a nan, ɗayan biyun nan ne.

Mutanen karkara sun daɗe da sanin ƙarar rediyo. Tun zamanin kulob-kulob na rediyo, waɗanda aka kafa a 1962, an san cewa in hadari ya haɗo, rediyo yana yin ƙarau-ƙarau duk lokacin da walƙiya ta wulga. Manomi yakan ji hadari a rediyo tun bai gan shi a gabas ba. A wancan zamani ƙarar ba ta wuce ta walƙiya, ko ta pil da ya yi sanyi. Yanzu wuta ta shiga garuruwa da yawa, allon hasken rana ya hau kan soraye da rumfuna, wayoyi sun cika ɗaki. Turame sun yi yawa.

WAYA BA TA RIƘE SIRRI

A 1820 wani masani na ƙasar Danmak, Orsted, ya lura cewa in wuta tana bin waya, allurar da ke nuna arewa tana karkacewa in an kawo ta kusa. Ke nan ƙarfin wuta ba ya tsayawa cikin waya kawai, yana fita gefenta. A 1887 wani Bajamushe, Hertz, ya sa wuta ta yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu, ta yi tartsatsi. Da wannan tartsatsi ya aika igiyoyin rediyo daga wannan gefen ɗaki zuwa wancan. Rediyoyin farko duk da tartsatsi suka yi aiki.

A riƙe wannan da kyau: duk inda wuta ke tartsatsi, ƙaramin gidan rediyo ne aka buɗe, wanda ba ya watsa komi sai ƙara. Walƙiya babban tartsatsi ce. Bujin babur ƙaramin tartsatsi ne. Mahaɗar waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, in ta saki, tartsatsi take yi a ɓoye dare da rana. Doguwar wayar da ke haɗe da ita kuma ita ce eriyar da ke yaɗa ƙarar cikin gida duka.

Ban da tartsatsi akwai wani mai laifi, shi ma ɗan gida ne. Abin cajin salula, da ƙwan fitila na zamani mai farin haske, da akwatin da ke juya wutar batir bolt 12 ta koma bolt 220, dukansu suna yanka wuta gunduwa-gunduwa, sau dubbai a sakan. Masu kyau an sa musu matata a ciki wadda ke tare ƙara. Na araha, waɗanda ba su da nauyi a hannu, galibi an rage musu wannan matata don kuɗinsu ya sauka. Sai ƙarar ta bi wayar caji ta fito. Wanda salularsa ke rikicewa in tana caji, yana taɓa nan tana buɗe can, ya gwada wani abin cajin kafin ya kai ta wajen mai gyara.

BABBAR WAYA BA KULLUM CE MAI LAIFI BA

In aka tambayi jama'a, da yawa za su nuna manyan wayoyin da ke wucewa bisa gonaki, irin layin da aka jawo daga Katsina zuwa Gazawa mai bolt 132,000. Su ne manya, su ake gani, su ake zargi. Amma ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Wutar da ke cikin wayoyin nan tana kai da komowa sau 50 kawai a sakan. Ina 50, ina miliyan 900? Nisan da ke tsakaninsu ya yi yawa. Waya mai lafiya, wadda ba ta tartsatsi, ba ta hana salula jin dogon ƙarfen rezo, ba ta kuma hana wifi aiki. Ko wadda ke tartsatsi, ƙararta ta fi ƙarfi a matsakaicin zango da gajeren zango. Tana raguwa a FM. Kafin a kai ga salula da wifi ta yi rauni ƙwarai, sai in an matsa kusa da ita.

Saboda haka in salula ba ta samun rezo a ƙauye, a fara tunanin nisa daga dogon ƙarfe, ko tudu da ya shiga tsakani, ko rufin kwano, ko kuwa wuta ce ta ɗauke wa dogon ƙarfen kansa. In duk unguwa ba rezo lokaci guda, ba a cikin ɗakin kowa matsalar take ba. In kuwa maƙwabci yana magana lafiya, nan gidan ne kawai abin ya ƙi, to sai a shiga bincike.

REDIYO MAI PIL SHI NE MAI BIN SAU

In saniya ta ɓata, ba a bin daji da ka. Sau ake nema. Ƙara ma tana da sau, kuma ƙaramin rediyo mai pil ya iya binsa. Ba a bukatar wata na'ura mai tsada.

A ɗauki rediyon, a cire shi daga wuta, ya yi aiki da pil kaɗai. A juya shi wajen da aka rubuta AM ko MW. A nemi wurin da babu tasha, inda sai shuuu kawai ake ji. Sa'an nan a zagaya da shi a hankali: gindin bango, bakin makunni, kusa da batir, ƙarƙashin fitila, wajen da ake caji. Inda ƙara ta ƙaru an kusa. Inda ta ragu an yi nisa. Mai tartsatsi yana ƙara kamar ana suyar ƙosai. Abin caji mara kyau yana yin zuuu ko kuwa shewa wadda ba ta yankewa.

Daga nan sai gwaji na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci. A bar rediyon a kunne, a kashe babban makunnin wutar gidan. Gidan da ke aiki da hasken rana, a kashe akwatin da ke juya wuta da dukan fitilu. In ƙara ta mutu nan take, mai laifin yana cikin gida. In ta ci gaba, daga waje take zuwa.

In a gida yake, a cire komi daga wuta. A kunna babban makunni. A riƙa maida kaya ɗaya bayan ɗaya, ana saurare. Fitilar zaure. A tsaya. Fanka. A tsaya. Talabijin. Abin cajin maigida. Na uwargida. Wanda aka sa ƙara ta dawo, shi ne. A cire shi a sake sawa sau biyu don a tabbata.

Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Mutum ya sauya wa rediyo wuri, ya sauya waya, ya cire caji, duk a lokaci guda. Ƙara ta tafi, amma bai san abin da ya kore ta ba. Jibi ta dawo, ya koma inda ya fara. Mai ba dabba magani uku rana ɗaya ba ya sanin wanda ya warkar da ita. Abu ɗaya ake taɓawa, a saurara, sa'an nan a taɓa na gaba.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da wani makami: alƙalami. A rubuta ranar da abin ya faru, da lokacin. In kullum bayan magariba ne, lokacin kunna fitilu ke nan. In da hantsi ne, a duba ko injin niƙa ke tashi a lokacin, ko mai walda na bakin hanya. In sai ranar kasuwa, a tuna da rumfar mai caji, inda salula hamsin ke rataye a kan katako guda, da injin wutarsa a gefe. Kwana bakwai na rubutu yakan nuna abin da wata guda na gardama bai nuna ba.

AKWATIN WIFI DA ƳAR WAYA MAI SHUƊIN BAKI

Akwatin wifi ya fara shiga ofisoshin ƙungiyoyi, da makarantu, da gidajen likita, da shagunan aika kuɗi. Irin wanda ake sa wa layin salula a ciki yana hira biyu ne. Yana magana da dogon ƙarfen rezo can nesa. Yana kuma magana da salula da kwamfutar da ke cikin ɗaki. In aiki ya tsaya, a fara gane wace hirar ce ta yanke. A tsaya dab da akwatin. In nan abin yana tafiya, can ƙuryar ɗaki ne ba ya tafiya, hirar cikin gida ce ta lalace. In ko a gabansa ba ya tafiya, kuma fitilun da ke nuna ƙarfin rezo sun ragu, hirar waje ce. Sai a kai shi bakin taga, ta gefen da dogon ƙarfe yake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wurin ajiya. Don tsoron ƙura da ɓarayi, sai a tura akwatin ƙarƙashin tebur, bayan batir, cikin tarin wayoyi da suka cukurkuɗe kamar saƙar gizo. Wani ma cikin akwatin ƙarfe yake kulle shi. Ƙarfe yana tare igiyoyin wifi. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye su. Ruwa ma haka, don haka bayan randa ko tanon ruwa ba wurinsa ba ne. A ɗora shi sama, daidai kan mutum, a sarari. Tsakaninsa da batir, da akwatin juya wuta, da mahaɗar caji, a bar mita ɗaya ko biyu. Wannan ɗan nisa yana da amfani fiye da yadda ake zato: in an ninka nisa, ƙarfin ƙara ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, ko ƙasa da haka.

Akwai wata waya da ta cancanci a san ta da suna. Ita ce USB ta uku, wadda ake haɗa kwamfuta da ma'ajiyar hotuna da takardu. Galibi in an leƙa bakinta za a ga shuɗin harshe. Tana ɗaukar saƙo da sauri ƙwarai, kuma ƙarar da take fitarwa tana faɗawa daidai kan zangon wifi na miliyan 2,400. Kamfanin Intel, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, shi da kansa ya bayyana haka a 2012. Alamarta a fili take: wifi yana tafiya lafiya, da an soka wannan waya sai ya yi nauyi ko ya yanke, da an zare ta sai ya dawo. Magatakardan da bai san wannan ba zai iya shekara yana zargin kamfani. Magani shi ne a nisanta ta daga akwatin wifi da eriyarsa, a maida ta ɗaya gefen kwamfuta, ko a sauya ta da mai kauri wadda aka lulluɓe cikinta da ragar ƙarfe. In akwatin yana da zango na biyu, wanda aka rubuta 5 GHz, a koma can. Ƙarar ba ta damunsa sosai, sai dai ba ya ratsa bango kamar na farko.

A kan wasu wayoyi, kusa da baki, akwai wani ɗan kumburi kamar ƙwallon goruba ƙarami. Ba ado ba ne, ba kuma lalacewa ba ce. Wani irin baƙin ƙarfe ne a ciki mai shanye ƙara. Kada a bari yara su fasa shi.

Wani lokaci ana jan intanet da waya daga wannan ɗaki zuwa wancan. In an feɗe irin wannan waya za a ga ƴan wayoyi 8, an tufka su biyu-biyu kamar igiyar rama. Tufkar ce ke kare su: ƙarar da ta shiga ɗaya, ta shiga ɗayar, sai su kashe juna. Dabarar tsohuwa ce, Bell mai ƙirƙiro tarho ya yi rajistarta tun 1881. Mai haɗawa kada ya warware tufkar da yawa a baki. Tsawonta kada ya wuce mita 100. Kada a ɗaure ta tare da wayar wuta a ƙusa ɗaya su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. A raba su da kamu guda. In dole su haɗu, su gitta juna kamar mararraba, kowa ya wuce. A kuma riƙa duba ta bayan damana. Rana tana fasa robarta, kusu yana ci, gara tana bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

LASIFIKA DA BUJI

Wani lokaci salula ce da kanta mai laifi. Kowa ya taɓa jin lasifikar masallaci ko ta biki tana yin dit-dit-dit kafin salular wani ta yi ƙara. Salula a tsohon zango tana aika saƙonta guntu-guntu, sau 217 a sakan, doguwar wayar makirfo kuma tana kama shi. A nisanta salula daga wayar, a rage tsawon wayar, shi ke nan.

Masu lambu a Jiratawa da Ƙonni, in rediyo yana tas-tas-tas yana bin tashin injin ban ruwa, buji ne. Babur ma haka. Akwai buji mai rage ƙara, galibi da harafin R cikin lambarsa. Kafin a same shi, a rataye rediyo a itacen da ke can gefen fadama, ba a jikin injin ba.

IN ƘARAR DAGA WAJE TAKE

An kashe babban makunni, ƙara ba ta mutu ba. To a fita da rediyon a bi titi. In ƙarar tana ƙaruwa wajen wani turken wuta, tana raguwa in an wuce shi, a lura da shi. Ƙarfen da ya saki a bisa turke yakan yi tartsatsi da rani, in iska na kaɗa shi, ya yi shiru in ruwa ya jiƙa shi. Kaskon da ke riƙe da waya kuwa, in ƙurar hunturu ta rufe shi ko ya tsage, da raɓa ko ruwan farko yake fara ƙara. Da dare wani lokaci har ana ganin ɗan shuɗin haske.

Aikin mai bincike ya ƙare a nan. Kada a hau turken. Kada a doke shi da sanda don a ji ko ƙarar za ta sauya. A rubuta wurin, da lambar turken in yana da ita, da lokacin da yake ƙara, a kai wa mai gari ko ofishin NIGELEC mafi kusa. Su ma ribarsu ce, don wurin da ke tartsatsi yau shi ke tsinkewa gobe. Mahaɗar cikin gida da ta saki ita ma mai aikin wuta za a kira, ya ɗaure ta da abin ɗauri na gaskiya, ba leda ba. Mahaɗa mai tartsatsi tana zafi, kuma rufin kara da rumbun hatsi ba su da nisa da ita.

Masu kafa doguwar gora ko bututun ƙarfe don eriya su auna da ido: in ta faɗi ta kowane gefe, kada ta kai ga wayar wuta. Babbar wuta ba ta jiran a taɓa ta, tana tsallakowa. Makiyayan da ke sassabe rassan gawo da rani su duba sama kafin su ɗaga gatari. In an tarar da waya ta faɗo ƙasa, a tsaya nesa da ita mita 10 ko fiye, a sa mutum ya tsare hanya, a aika a faɗa. A kore garke tun daga nesa. Wuta tana bin ƙasa kewaye da wayar, kuma ta fi kama saniya da raƙumi bisa mutum, saboda nisan da ke tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya.